Aƙida a Kan Hanya: Nazarin Littafin The Pilgrim's Progress na John Bunyan

Tsakure

Wannan muƙala ta yi nazarin littafin The Pilgrim's Progress na John Bunyan, wanda aka fara bugawa a Landan a shekarar 1678, kuma yake cikin littattafan da Kiristoci 'yan Furotesta suka fi karantawa bayan Littafi Mai Tsarki. Muƙalar ta duba yadda marubucin ya mayar da mas'alolin aƙida suka zama wurare da mutane a kan hanya guda, har talaka ya iya riƙe su a ka, ya auna rayuwarsa da su. Ta kuma nuna cewa dabarar da ta ba littafin ƙarfi ita ce ta jawo masa rauni, domin sunan da marubucin ya laƙaba wa abokin jayayya yakan yanke masa hukunci tun bai buɗe baki ba.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya ƙuduri aniyar sanin wani addini yakan fara da manyan littattafan aƙidarsa da matsayar majalisun malamansa. Hakan daidai ne, sai dai bai wadatar ba, domin akasarin mabiya ba a nan suke ɗibar addininsu ba. Suna ɗibarsa ne daga littattafan da ake karantawa a gida, waɗanda uwa ke karanta wa 'ya'yanta, mai sana'a ke buɗawa bayan ya tashi daga aiki. Wanda ya so fahimtar yadda Bahaushe ya san addininsa ba zai tsallake Ahalari da Ishmawi da waƙoƙin wa'azi ba, ko da ya ƙware a ilmin kalam. Haka abin yake ga mai nazarin Kiristanci.

A tsakanin 'yan Furotesta masu magana da Ingilishi, da wuya a sami littafin gida da ya kai wannan tasiri. Ma'anar sunansa ita ce tafiyar maziyarci daga wannan duniya zuwa ta gobe. An buga shi sau 11 tun marubucin yana raye, daga baya aka fassara shi cikin harsuna sama da 200. Manazarciya Isabel Hofmeyr, a bincikenta na shekarar 2004, ta gano an fassara shi cikin harsunan Afirka 80. Fassarar Yarabanci, wadda David Hinderer ya yi, ta fito tun 1866. Tambayar da muƙalar ke son amsawa ita ce: ta yaya labari ke koyar da aƙida, kuma me mai karatu ke rasawa idan ta nan kaɗai ya karɓe ta? Sunayen taurari da na wurare da za a gani nan gaba fassarar mai wannan muƙala ce.

2.0 Marubucin da Littattafan da Suka Gina Shi

An haifi Bunyan a shekarar 1628 a ƙauyen Elstow, kusa da garin Bedford a Ingila. Ya gaji sana'ar mahaifinsa ta liƙin tukwane da kwanuka, bai kuma yi karatu mai zurfi ba. Ya yi aikin soja a rundunar Majalisa lokacin yaƙin basasar Ingila, daga 1644 zuwa 1647. Da ya yi aure, matarsa ta zo masa da littattafan ibada guda biyu da mahaifinta ya bar mata, ɗaya na Arthur Dent, ɗaya na Lewis Bayly, suka riƙa karantawa tare. Daga nan zuciyarsa ta fara karkata ga addini.

Abin da ya biyo baya shekaru ne na ƙunci da waswasi, waɗanda ya ba da labarinsu a littafinsa Grace Abounding na 1666. Ya daɗe yana tsoron cewa ya aikata zunubin da ba a gafartawa, kuma ƙofar tuba ta rufe a gare shi. Cikin abubuwan da suka kwantar masa da hankali akwai wani tsohon kwafi, wanda ya kusa yagewa, na sharhin Martin Luther a kan wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa. A nan ya sami aƙidar da zai riƙe har mutuwarsa, wadda Kiristoci Hausawa ke kira baratarwa ta wurin bangaskiya: cewa ba aikin mutum ne ke sa a karɓe shi a matsayin mai adalci a gaban Allah ba, sai adalcin Almasihu da ake lissafa masa idan ya ba da gaskiya.

Bunyan ya shiga wata ikilisiya a Bedford da ba ta bin Cocin Ingila, ya zama mai wa'azi ba tare da izinin hukuma ba. A watan Nuwamba na 1660, bayan sarauta ta dawo hannun Sarki Charles na Biyu, aka kama shi. Da ya yi alkawarin daina wa'azi da an sake shi, amma ya ƙi. Ya yi shekara 12 a kurkuku, yana haɗa igiyoyin takalma don ciyar da iyalinsa, ciki har da 'yarsa makauniya. Littattafan da ya fi dogara da su a ciki su ne Littafi Mai Tsarki da littafin John Foxe na tarihin shahidan Furotesta. An sake shi a 1672, ya rasu a Landan a 1688. Wannan tarihi ya nuna mana mutumin da karatu ya sauya wa rayuwa, don haka ba mamaki tauraronsa ya fara bayyana ne da littafi a hannu.

3.0 Yadda Aƙida ta Zama Hanya

An gina labarin a kan mafarki. Mai ba da labari ya ga wani mutum mai suna Kirista, sanye da tsummoki, da kaya mai nauyi a bayansa, yana karanta littafi yana kuka, domin ya gano cewa garinsu, Birnin Halaka, zai ƙone. Mai Bishara ya nuna masa wata ƙaramar ƙofa a nesa, ya ce ya nufe ta. Daga nan har Birnin Sama, kowane wuri da ya ratsa mas'ala ce ta aƙida ko hali ne na zuciya: Taɓon Karaya, Tudun Wahala, Kwarin Ƙasƙanci, Kasuwar Banza, Kurkukun Shakka, sai kogin mutuwa wanda ba shi da gada.

Ɗaukar addini a matsayin tafiya ba baƙon abu ba ne ga masu karanta wannan mujalla. Littafin Minhajul Abidin da ake jingina wa Imam Gazali ya kasa hanyar mai ibada zuwa aƙabobi bakwai, Fariduddin Attar kuma ya ratsa da tsuntsayensa ta kwaruruka bakwai. Abin da ya bambanta Bunyan shi ne hanyarsa ta yi kama da hanyar ƙauyensu. Akwai caɓi, akwai shinge, akwai karnuka, akwai masauki da ranar kasuwa. Taurarinsa kuma, duk da cewa mutuntarwa ce aka yi wa halaye, suna magana irin ta maƙwabta. Mai Wayon Duniya, alal misali, dattijo ne mai fara'a da tausayi, wanda ya ga Kirista yana nishi ya ba shi shawarar ya ratse zuwa ƙauyen Kyan Hali, wurin wani mutum mai suna Bin Doka, zai sauke masa kayan, ga gidajen haya masu araha, ya aika iyalinsa su zo. Da Kirista ya bi, sai ya tarar da dutse ya rufto kan hanya yana fitar da wuta, kayan suka ƙara nauyi. Dutsen nan Sina'i ne, darasin kuma shi ne na Luther: shari'a tana nuna wa mutum zunubinsa, ba ta ɗauke masa shi. Mas'alar da malamai suka cika mujalladai a kanta, Bunyan ya sa ta a shafuka kaɗan da yaro zai iya maimaitawa.

Haka ya yi a gidan Mai Fassara, inda aka nuna wa Kirista wani ɗaki mai ƙura. Mai shara ya sa tsintsiya, ƙura ta tashi har ta kusa shaƙe shi, sai da aka yayyafa ruwa sannan ɗakin ya sharu. Tsintsiyar shari'a ce, ruwan kuma bishara. Kayan da ke bayansa ba su faɗi ba sai da ya iso gindin gicciye, inda suka kwance da kansu suka gangara cikin kabari. A gefen shafuka kuwa, marubucin ya jera lambobin ayoyin Littafi Mai Tsarki, don mai karatu ya koma ya duba madogararsa.

Inda ƙwarewar Bunyan ta fi fitowa shi ne sanin cututtukan zuciya. Kirista da abokinsa Mai Fata sun bar hanya don ta yi tsakuwa, suka bi ta wata makiyaya mai laushi, suka faɗa hannun Ƙato Yanke Ƙauna. Ya kulle su daga safiyar Laraba zuwa daren Asabar ba ci ba sha, ya lakaɗa musu duka, ya ba su shawarar su kashe kansu. Bayan sun kwana suna addu'a, Kirista ya tuna cewa tun farko akwai wani mabuɗi a ƙirjinsa mai suna Alkawari, wanda ke buɗe kowace ƙofa ta gidan. Wanda ya rubuta wannan ya ɗanɗani yanke ƙauna, ya san cewa mai ita yakan manta abin da ya riga ya sani. Mai karatun da ya saba da babin tsoro da fata a littattafan tarbiyyar zuciya zai gane ciwon da ake siffantawa, ko da bai yarda da maganin da aka bayar ba.

4.0 Surutu da Jahilci: Mas'alar Imani da Aiki

Jigon littafin yana tsakanin taurari biyu da aka kore. Na farko shi ne Surutu, mutum mai fasahar magana a kan kowane babi na addini, amma gidansa babu addu'a, iyalinsa da barorinsa suna kuka da shi, masu ciniki da shi ba su yaba ba. Kirista ya yi masa hukunci da cewa ran addini aiki ne, kuma ranar sakamako za a tambayi mutum abin da ya aikata. Da a nan littafin ya tsaya, da an ce Bunyan ya fifita aiki.

Na biyu shi ne Jahilci, saurayi mai kuzari da ya shigo hanyar ta wani karkataccen lungu, bai bi ta ƙaramar ƙofa ba. Da aka tambaye shi abin da zai nuna a ƙofar birni, ya lissafa cewa yana biyan kowa haƙƙinsa, yana addu'a da azumi, yana ba da ushiri da sadaka. Ya kuma ce ya yarda Almasihu ya mutu domin masu zunubi, kuma albarkacinsa ne za a karɓi ayyukansa. Kirista ya ce masa wannan bangaskiyar ƙarya ce, domin ta mayar da Almasihu mai gyara ayyukan mutum, alhali shi mutumin ne gaba ɗaya ke bukatar a lulluɓe shi da adalcin wani. Littafin bai rufe da shigar Kirista birni ba. Ya rufe ne da Jahilci, wanda wani mai kwalekwale ya haye da shi kogin cikin sauƙi, ya ƙwanƙwasa ƙofa, aka tambaye shi takardar shaida bai da ita, aka ɗaure shi hannu da ƙafa aka jefa shi wuta ta wata ƙofa a gefen tudu.

A nan akwai tarko biyu ga ɗalibinmu. Na farko shi ne ya ji jerin addu'a da azumi da sadaka ya zaci da Musulmi ake. Bunyan da 'yan'uwansa Kiristocin Ingila yake. A 1671 wani limamin Cocin Ingila a yankin Bedford, Edward Fowler, ya wallafa littafi yana cewa manufar Kiristanci ita ce gyaran hali, Bunyan ya mayar masa da martani mai zafi daga kurkuku a 1672. Jahilci da Mai Wayon Duniya suna ɗauke da ra'ayi irin na Fowler. Tarko na biyu shi ne ya ɗauko sunayen da ya sani daga ilmin kalam, ya ce wannan Murji'anci ne, wancan ra'ayin Mu'utazilawa ne. Gaskiya ne tambayar ta yi kama, kuma Musulmi ma sun ruwaito cewa ba wanda aikinsa kaɗai zai shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. Amma a wurin Bunyan rahamar ba ta da mashiga sai gicciye da fansar da aka yi a kansa, kuma tana tafiya tare da aƙidar zunubin gado da ya lalata zuciyar kowane ɗan Adam. Musulunci bai yarda da gicciye Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba, bai kuma yarda da zunubin gado ba. Wanda ya daidaita kalmomin biyu ba tare da lura da wannan ba, bai yi wa kowane ɓangare adalci ba.

5.0 Inda Salon Ya Yi Rauni

Babban aibin littafin yana cikin muhawarar Jahilci. Saurayin ya kawo hujja mai nauyi: idan aka ce aiki ba shi da hannu a kuɓutar mutum, ai an kwance wa sha'awa linzami. Wannan tambaya ce da malaman Katolika suka daɗe suna yi wa mabiya Luther, kuma ta cancanci amsa. Kirista ya ba da amsa daga baya, cewa wanda ya san alherin da aka yi masa zuciyarsa za ta so biyayya, amma ya fara ne da tuna wa saurayin cewa halinsa ya dace da sunansa. Wane ne ya raɗa masa sunan? Marubucin da ke jayayya da shi. Mai karatu ya riga ya san wanda zai faɗi tun daga ganin suna, don haka ba ya auna hujja. A littafin aƙida na sosai, marubuci yana kawo ra'ayin abokin hamayya da dalilansa sannan ya warware su, mai karatu yana iya cewa warwarar ba ta gamsar ba. A labarin misali kuwa, marubucin shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne kuma mai riƙe da ƙofar birni.

Abin lura shi ne Bunyan ya san zafin irin wannan shari'a. A Kasuwar Banza, inda ake sayar da gidaje da sarautu da mata da 'ya'ya da rayuka, an gurfanar da Amintacce, abokin tafiyar Kirista na farko, gaban alƙali Maƙiyin Alheri da masu taya shi hukunci su 12, shugabansu Makaho, aka ƙone shi. Wannan babi yana da ƙarfi domin wanda ya rubuta shi ya tsaya gaban alƙalan da ba su saurare shi ba. Duk da haka shi ma bai saurari Jahilci ba.

Rauni na biyu shi ne ƙuncin da'irar waɗanda ya yarda da su. Ya siffanta Fafaroma da tsohon ƙato da gaɓoɓinsa suka sandare, yana zaune bakin kogo yana cizon farce. Saboda haka kuskure ne a ɗauki littafin a matsayin muryar Kiristanci baki ɗaya. Muryar reshe ɗaya ce ta Furotesta, mai bin tafarkin Luther da Calvin, a ƙasar da rikicin addini ya yi wa rauni. Haka nan ya siffanta Mai Daɗin Baki, wanda ya ɓatar da matafiyan ya jefa su cikin raga, da baƙin mutum sanye da farar riga. Alamtarwa ce da ta zo masa daga al'adar zamaninsa, amma mai karatu ɗan Afirka yana da haƙƙin ya tsaya a kanta ya tambaya.

6.0 Rayuwar Yau da Kullum

Kashi na farko bai ba zaman iyali muhimmanci ba. Da matar Kirista da 'ya'yansa suka kira shi ya dawo, toshe kunnuwansa ya yi da yatsu ya ruga. Addini a nan gudu ne na mutum ɗaya. Kashi na biyu, wanda ya fito a 1684, ya zama kamar gyara ga wannan. Matarsa Kiristiyana ta kama hanya da 'ya'yansu huɗu da maƙwabciyarta Jinƙai, ƙarƙashin jagorancin Ƙarfin Zuciya, wanda ke wakiltar limamin ikilisiya. Tafiyar ta zama ta ayari. Ana jiran gurgu mai sanduna, ana lallashin mai raunin zuciya, yaro ya ci 'ya'yan itacen da aka hana ya yi ciwon ciki aka kira likita, ana yi wa yara tambayoyin aƙida, ana ɗaura aure a masauki. Jinƙai tana ɗinka wa matalauta tufafi, manemin aurenta ya janye da ya gane ba don riba take yi ba. Har a Kasuwar Banza sun sami gidan masu ibada sun zauna.

Ta fuskar adabi kashi na biyu bai kai na farko armashi ba, domin haɗarin ya ragu, wa'azin ya yawaita. Amma ga mai son sanin yadda gidan ɗan Furotesta ke tafiya, da matsayin karatu da addu'ar iyali da tarbiyyar yara a cikinsa, ya fi na farko amfani.

7.0 Kammalawa

Littafin Bunyan ya yi nasara a abin da ya sa gaba: ya ba mutumin da bai je makaranta mai zurfi ba taswirar da zai gane inda yake a addininsa, da sunayen da zai kira tsoronsa da kasalarsa. Bai yi nasara ba wajen nuna wa mai karatu ƙarfin hujjar waɗanda ya saɓa da su, kuma salon da ya zaɓa ba zai bar shi ya yi hakan ba. Shawarar wannan muƙala ga ɗaliban nazarin addinai ita ce su karanta shi gaba ɗaya, kashi biyun, su haɗa da Grace Abounding don sanin tushensa, sannan su nemi ra'ayin Katolika a kan baratarwa daga matsayar Majalisar Trent ta 1547, wato daga bakin masu shi. Wanda ya yi haka zai iya bayyana aƙidar Bunyan yadda mabiyansa za su ce haka take, ya kuma bayyana ta Jahilci yadda shi ma zai yarda an faɗi maganarsa. Wannan adalci shi ne sharaɗin farko na kowace muhawara ta ilmi, kuma ya hau kan duk mai rubutun da ke raɗa wa abokin jayayyarsa suna. Allah ne Mafi sani.